Na Juya A Bakin Layin Masunta

Tun ranar da Appa, mahaifinmu, ya ji cewa ƙanena Ilamaran yana neman 'yar masunta, ba a ƙara cin abinci cikin daɗin rai a gidanmu ba.

Mu masassaƙa ne. Dutse kakanninmu suka sassaƙa a Mamallapuram, shi Appa ya gada, kuma babu haikalin da zai nemi sabon gunki daga nan har Kanchipuram bai fara leƙo rumfarmu ba. Ilamaran, da muke kira Maran, shi kaɗai ne namiji. Ni ce babba, Valarmathi, shekara goma sha ɗaya na ba shi. Mahaifiyarmu ta rasu yana ɗan shekara bakwai, don haka ni na riƙa yi masa wanka, ni na riƙa raka shi makaranta, har ranar da aka kai ni gidan miji a Kanchipuram ya bi motar da gudu yana kuka.

Yarinyar sunanta Kayal, 'yar Ayya Dhanapal mai jiragen kamun kifi biyu. Ta yi karatun tarihi, ta samu takardar zagayawa da baƙi, kullum tana gaban ayarin masu yawon buɗe ido da lemarta. In ta gama nuna musu aikin mutanen da, sai ta biyo da su rumfarmu su ga masu rai suna yi. A nan suka san juna. Shekara uku suna tare kafin maganar ta kai kunnen Appa.

Appa bai yi faɗa ba. Da ma ƙurar dutse ta riga ta cinye masa ƙirji, in ya ja doguwar magana sai tari ya sarƙe shi. Cewa kawai ya yi hannun da zai buɗe idon gunki ranar kafa shi ba zai riƙa cin girkin layin masunta ba, kuma ranar da limaman haikali suka ji, sana'ar gidan nan ta ƙare. Maran ya ce ai limaman ba sa tambayar wa ya fasa dutsen, wa ya ɗora shi a mota. Appa ya ɗauke kai, ya ci gaba da aikinsa.

A can gidansu Kayal ma ba a zaune ake ba. Akwai Sengathir, ɗan layinsu, wanda ke koya wa baƙi hawan igiyar ruwa a kan katako, ga gidan abincinsa a bakin teku da ba ya rabo da Turawa. Sau biyu iyayensa suna zuwa, sau biyu Kayal tana rufe kanta a ɗaki. Daga ƙarshe Ayya Dhanapal ya gaji. Ya aika wa Maran cewa shi ba ya gaba da kowa, amma ba zai ba da 'yarsa ga gidan da babu mai maraba da ita ba. Ya ba shi zuwa Lahadin da ke bin bikin watan da muke kira Masi. Ya zo da babba ɗaya daga gidansu, ko da mace ce. In ranar ta wuce, zai amsa wa iyayen Sengathir.

Ranar Alhamis sai ga Maran a Kanchipuram a kan babur, gashinsa fari fat da ƙurar rumfa. Ya same ni a kicin, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba yana yaro.

"Akka, yayata, ba na so ki yi wata magana. Ki shiga kawai, ki zauna a tabarmarsu, in an miƙo miki ruwa ki sha. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na dube shi, idanunsa sun yi ja. Na ɗora hannuna a kansa na ce zan zo. Har tsokanarsa na yi, na ce ya dai wanke kan nan tukuna, kada su ɗauka kakansa na rako. Ya yi dariya yana share ido da bayan hannu.

Ban san surukata tana jin mu ba.

Ranar Lahadi da safe ina shiri, surukar tawa, Athai, na zaune a tsakar gida tana taje wa 'yata Tamarai gashi. Tamarai lokacin shekararta goma sha biyar. Athai ba ta ko kalle ni ba.

"Ki gaishe su," ta ce. "Sai dai ki tuna wannan kan da nake tajewa, kawunta ne zai tsaya mata ranar aure. In masu nema sun tambayi wace ce matar kawun, ke za ki amsa, ni bakina ba zai iya ba."

Mijina Sabapathy yana shan kofi, ya sunkuyar da kai cikin jarida. Na fita.

Da na sauka a mota gidan Appa na fara zuwa. Appa na zaune a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa duk da zafin da ake yi. Na gaya masa inda za ni, ina jiran ya tashi hankalina.

"Ni ba zan taka ba," ya ce. "Shekara sittin ina faɗar abu ɗaya, ba zan iya lashe shi a gaban mutane ba. Amma ke ban hana ki ba. Buɗe akwatin uwarku ki ɗaura koren zanen sarin nan. Kada su ce mun aiko musu da wadda ba ta san darajar wuri ba."

Na ɗaura. Sai da na warware sau biyu kafin ya zauna.

Daga gidanmu zuwa layin masunta ba wata tafiya ba ce. Na wuce shagunan masu sayar da ƙananan giwaye da katantanwa, na isa bakin layin, na tsaya. Can ƙarshe, inda aka jera jirage a kan yashi, na hango Maran cikin farin zane da farar riga, riƙe da tiren ayaba da kwakwa da furanni. Ya ba ni baya, yana kallon teku. Mata na zaune a ƙofar gidajensu suna gyaran kifi, wasu sun fara ɗago kai. A shagon kwana kuma sai na ga wani ɗan'uwan Athai da ke sayar da azurfa, ya tsura mini ido.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wurin ba. Muryar Athai kawai nake ji, ina ganin Tamarai ta girma, masu nema suna zuwa suna komawa.

Na juya.

A tashar mota na kira shi. Tun kafin ya ɗauka na shirya abin da zan ce, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau, don ba suɓutar baki ba ce.

"Maran, Appa ya rantse da kabarin... ya rantse da ran uwarmu, in na taka layin nan ba ni ba shi har abada. Ka yafe mini."

Ina jin ƙarar igiyar ruwa ta cikin wayar.

"Ba laifinki ba ne, Akka," ya ce. "Koma gida."

Sarin kuwa a jaka na cusa shi bayan na sauya a banɗakin tashar. Washegari na kira Appa na ce na je, su ne suka ƙi. Ƙarya biyu cikin kwana biyu, ni da Appa yake cewa ko gishiri na zubar sai na kai ƙarar kaina.

* * *

Abin da ya biyo baya daga bakin Maran na ji shi, bayan mako guda, kansa a kan cinyata yana kuka, ni kuma ina shafa masa gashi kamar mutuniyar kirki.

Shi kaɗai ya shiga da tirensa. Ayya Dhanapal ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa shayi, ya dubi ƙofa ya ga babu kowa a bayansa. Ya ce masa shi yaron kirki ne, amma mace ba miji kaɗai take aure ba, in ta yi ciwo wa zai dafa mata ruwan zafi, in ta haihu wa zai karɓi jaririn. Ya sa aka mayar masa da tiren yadda ya zo da shi.

Da la'asar suka haɗu da Kayal a bayan shingen haikalin bakin teku. Ya ce mata su tafi Chennai, a ɗaura musu aure a ofishin gwamnati, yana da aboki da zai ba su ɗaki.

"Sannan fa?" ta ce.

"Sannan mu zauna. Ina da hannu, ko'ina akwai dutse."

"Ka bar uba mai tari shi kaɗai a gida. Ranar da ya mutu ka dube ni ka tuna ni ce sila."

"Ba zan taɓa ba, Kayal."

"Ba za ka faɗa ba, na sani. Amma zan gani a fuskarka." Hawaye ya wanke mata fuska, ba ta share ba. "Maran, shekara uku ina tsaye a gaban baƙi ina ce musu ku dubi abin da kakanninmu suka yi. Kakanninmu nake cewa. Ashe ban da nawa kakannin. Ni ba gudu nake so ba. So nake in shiga gidanku ta ƙofa, da rana, a shafa mini jan gari a goshi kamar kowace amarya."

Ya roƙi shekara guda. Ya roƙi wata shida. Ya durƙusa a kan yashi, masu hawan doki na wucewa suna kallonsa. Ta ce ya tashi, kada ya sa ta ƙara jin kunyar kanta. Ta ce babanta bai tilasta ta ba kuma ba zai tilasta ta ba, da bakinta za ta amsa wa Sengathir, don shi uwarsa tun tana goye take kiranta 'yata.

"Kina son sa?"

"Kada ka tambaye ni abin da ka san amsarsa," ta ce. "In ka gan ni da baƙi, ka shige ciki. Ni ma zan sauya hanya."

Bayan wata huɗu aka yi bikinta.

Maran ya kwashe guduma da ƙarafan sassaƙarsa ya bar gida. Ya buɗe 'yar rumfa a bakin hanyar Puducherry, yana yi wa otal-otal giwaye da kwanukan fure, shi da limamai suke cewa ya fi ubansa hannu. Bai ƙara yi wa Appa magana ba. In ya kawo magani sai ya ba maƙwabciya. Appa kuwa ya ɗauka fushin rashin zuwansa ne, girman kai ya hana shi nema. Ni kaɗai na san kalma ɗaya za ta haɗa su, kuma kullum sai in ce sai na ƙara zuwa.

A shekara ta uku Appa ya kwanta. Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce da ya sani da ya tashi ya bi ni ranar nan, wataƙila da sun ga furfurarsa ba su ƙi ba. Na buɗe baki, na rufe. Maran ne ya sa wa gawar wuta kamar yadda ya wajaba a kan ɗa, idonsa a bushe.

* * *

Bana aka sa ranar Tamarai da wani ɗan maƙeran zinariya daga Vellore, gidan da Athai ta riƙa alfahari da shi kafin ta rasu. Da zafi ya tsananta, uwar angon ta ce ita fa ba ta taɓa jiƙa ƙafarta a teku ba, tunda Mamallapuram garinmu ne mu kai su. Muka kama ɗakuna uku a bakin ruwa. Kwana biyu ana cin soyayyen kifi, Sabapathy yana shiga ruwa iya gwiwa yana ba da labarin ya yi iyo, uban ango yana ce masa ai ko kaguwa ta fi shi nisa.

A rana ta uku uwar angon ta ce a nemo mai bayani, ba ta son kallon dutse kamar tunkiya. Mai otal ya yi waya.

Da na ga lemar tana tahowa, na san Kayal ce.

Ta ɗan yi ƙiba, ga igiyar aure a wuyanta, ga tsohon ciki. Ta haɗa hannu ta gaishe da kowa, ta gaishe ni kamar yadda ta gaishe su. Ta kai mu gaban babban dutsen da mutanen da suka sassaƙa, ta nuna musu giwaye da 'ya'yansu a ƙarƙashin ciki, ta nuna magen nan da ta tsaya da ƙafa ɗaya tana ibadar ƙarya ɓeraye sun kewaye ta. Uban ango ya ce wannan ai sak shugaban unguwarsu. Kowa ya yi dariya. Ni ban ji rabin abin da ta faɗa ba.

Da suka hau gangare ɗaukar hoto suna tura ƙaton dutsen da ba ya motsi, Kayal ta ce ita ba ta hawa da wannan ciki. Na ce ni ma gwiwata. Muka zauna a inuwa, tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu.

"Tamarai ta yi kyau," ta ce. "Hancin kawunta ta ɗauko."

Na tambaye ta gida. Ta ce lafiya, wannan na biyu ne. Ta ce Sengathir mutumin kirki ne, bai taɓa tambayarta abin da ya wuce ba, ita ma ba ta ba shi dalilin tambaya ba. Sai ta juya mariƙin lemar.

"Na gan ki ranar, Akka. Ina saman bene ina shanya gashi. Koren sari mai bakin zinariya. Har na sauko da gudu na ce wa mahaifiyata ta fito da kofin azurfa. Da na koma sama, bayanki na hango."



"Shi ya sa na ƙi bin sa Chennai," ta ce. "Na ce in wadda ta raine shi ta zo har bakin layi ta kasa shigowa, to babu ranar da za a shigo."

"Me ya sa ba ki gaya masa ba?"

"Ya rasa ni a ranar, ya rasa ubansa. In na faɗa, wa zai rage masa? Kuma ban ga laifinki sosai ba. Uba ya yi rantsuwa, duk da haka kin yi ƙoƙari kin zo."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuka ya ƙwace mini, na toshe baki da gefen sari kada surukai su ji. Na gaya mata babu wata rantsuwa. Na gaya mata wa ya ce in buɗe akwati. Na gaya mata abin da Appa ya ce kafin ya cika.

Fuskarta ta sauya, ta dafe cikinta da hannu biyu. Hawaye ɗaya ya gangaro, ta sa yatsa ta ɗauke.

"Ashe tsohon ya yarda," ta ce a hankali. "Shekara shida ina sauya hanya in na zo ƙofarku, ko gaisuwar mutuwarsa ban je ba."

Na ce ta yafe mini.

"Nawa ya wuce, Akka. Ina da miji, ina da ɗa, ba zan zauna ina lissafin da-na-sani ba. Amma na Maran ba ni ce zan yafe ba. Mutum yana yawo da ƙin ubansa a ƙirji, uban kuma ba ya nan balle su shirya. Ki je yau. In kika koma Kanchipuram ba za ki faɗa ba."

Ta miƙe da ƙyar, ta buɗe lemarta, ta ɗaga murya tana kiran baƙinta su sauko rana ta yi.

Bayan abincin rana na ce musu zan leƙa ƙanena. Na hau babur mai ƙafa uku. Na same shi a durƙushe gaban wata giwa da bai gama ba, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Yana ganina ya washe baki, ya ce ga uwar amarya, ya fara ba ni labarin sarin da ya yi wa Tamarai oda, wai sai surukan sun san tana da kawu.

Na ce ya zauna. Ban zauna ba ni. Na faɗa masa duka, tun daga taje gashin Tamarai har banɗakin tasha. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya numfashi ba zan ci gaba ba.

Bai katse ni ba. Da na gama ya cire ƙyallen daga fuskarsa, ya ninke shi, ya sake ninkewa.

"Me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Na maimaita masa maganar Appa ta bakin ƙofa.

"Sake faɗa."

Na sake. A wurin koren sarin muryata ta karye.

Ya juya ya ba ni baya, ya dafa kan giwar. Kafaɗunsa suka fara rawa. Kukan da bai yi ba a wurin ƙona gawa, shi ya zo masa a ranar, irin na manyan maza, marar sauti. Na matsa zan taɓa shi, ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba, na tsaya.

"Ranar da aka kwantar da shi asibiti na zo," ya ce. "Na tsaya a bakin taga ina jin tarinsa. Na ce sai ya fara kira na. Da kin faɗa mini tun a tasha cewa tsoro kika ji, da fushin wata guda zan yi da ke. Wata guda."

Motoci na wucewa a kan titi cike da masu zuwa hutu.

Can ya share fuskarsa, ya ɗauki gudumarsa. Ya ce zai zo bikin, zai tsaya wa Tamarai, zai yi duk abin da kawu ke yi, ita ba ta yi masa komai ba. Na tambaye shi ni fa. Ya dubi gudumar da ke hannunsa.

"Rana tana yi, surukanki na jira," ya ce. "Ki sauka lafiya, Valarmathi."

Tunda ya fara magana a duniya bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.